Baƙar Alamar Mu'minatu

Ranar da Gazali ya fara ganin Zulaihat, faɗa suka yi.

A bakin tashar Tambuwal ne, da hantsi. Ta jingina wayarta a kan wani benci, ta gyara mayafinta, ta ɗaga kwalbar lemon Zumuɗi daidai kumatunta tana murmushi. Bidiyo take ɗauka. Matasa sama da dubu arba'in ne ke bin ta a Tiktok, kuma duk sati Ɗangiwa, dilan lemon a garin, yakan aiko mata da katan ta yi masa talla.

"Zumuɗi, sanyin matasa! In ba ka sha ba yau…"

Ba ta ƙarasa ba wani dogon saurayi ya ratso ta bayanta, ya shafa gam a bango, ya manna wata takarda daidai inda kyamara ke kallo.

"Haba Malam! Ba ka ga aiki nika yi ba?"

Ya juyo a natse. "Ni ma aikin nika yi, Malama."

Ta dubi takardar. Hoton kwalbar lemo ne, a kansa an zana wani baƙin tambari mai kusurwa takwas, da farin rubutu a ciki: SUKARI YA YI YAWA.

"Wanga baƙin abu fa?"

"Gargaɗi ne. A wasu ƙasashe dole a sa shi jikin kwalba, har da tallar da aka yi ma matasa. Cokali nawa na sukari kike jin akwai cikin wadda kika riƙe?"

"Ni ina ruwana? Ba ni na dafa shi ba."

"Tara," ya ce. Ya ɗauki robar gam ɗinsa ya wuce.

Don ta huce haushi ta saki bidiyon yadda yake. Kafin la'asar masu sharhi sun raɗa masa suna: Malam Gargaɗi. Ita kuwa ta sake kallon bidiyon ya fi sau goma, kuma ba fuskarta take kallo ba. Akwai wani abu a idon saurayin nan, wata gajiya irin ta wanda ya daɗe yana magana ba a saurare shi. A ƙasan takardarsa akwai lambar waya, sai ta tura masa saƙo.

"Malam Gargaɗi, ka yi suna. Sai ka zo ka yi godiya."

Amsa ta zo bayan minti biyu.

"Na gode. Sunana Gazali, ma'aikacin lafiya ne ni a Kebbe. Ki yi haƙuri na ɓata miki aiki. Amma tara ɗin tana nan tara."

Ta fashe da dariya ita kaɗai a ɗaki.

Haka abin ya fara. Saƙo ya zama kira, kira ya zama zance. Duk Juma'a da yamma yakan tuƙo babur tun daga Kebbe, ya gaida mahaifinta Malam Maccido, tsohon malamin firamare, sannan a shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ɗangiwa ma ya daɗe yana zuwa ƙofar gidan da motarsa da katan-katan, amma tun da Gazali ya bayyana sai dai a ce masa ba ta nan.

"Gargaɗina," ta rubuta masa wata safiya, "ka karya kuwa? Ko koko ma ka ƙirga mai cokali?"

"Zulaina, duk abin da ya yi zaƙi ina jin tsoronshi. Ke kaɗai ce na kasa sa ma alama."

Abu ɗaya ne ke shiga tsakaninsu. Duk lokacin da ya roƙe ta ta bar tallar, sai ta ɗaure fuska.

"Ban ɗura ma kowa ba, Gazali. Wanda ya saya da hankalinshi ya saya."

"Yara ne ke kallonki, Zulai. Ba kwalbar suke gani ba, ke suke gani."

"To ai ƙanwarka ma tana kallo. Kullum sai ta yi min sharhi, 'Anti Zulai kin yi kyau, Anti Zulai ina son Zumuɗi.' Je ka manna mata takarda a goshi."

Sai ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka ta yi nasara ne.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Mu'minatu, ƙanwarsa tilo mai shekara goma sha tara, tana da ciwon suga. Ciwon da ya kashe mahaifinsu. Saboda ita Gazali ya fara zana takardun nan. Amma ta sa shi ya yi mata alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

"Yaya, in aka ji budurwa na da ciwon tsofaffi, wa zai kalle ni? Balle Anti Zulai. Don Allah."

Ya riƙe alkawari. Wayyo, da ya sani!

Wata Talata saƙonsa ya shigo a gajarce: "An kwantar da Mu'minatu a asibiti nan Tambuwal. Ki sa ta a addu'a."

Zulaihat ta rikice. Ba ta taɓa haɗuwa da mahaifiyarsa ba, ga shi kuma za su fara ganin juna a wurin dubiya. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, balle gaban wadda kake fatan ta zama surukarka. Ta tsaya tana tunanin me yarinyar ta fi so a duniya. Sai idonta ya faɗa kan sabon katan ɗin da ke kusurwar ɗaki. Ta yi murmushi, ta ɗauka.

Ta yi sallama a ɗakin mata. Mu'minatu na kwance ana ƙara mata ruwa, fuskarta da ƙafafunta sun kumbura. A ƙasa kan tabarma wata dattijuwa ke zaune tana jan carbi. Inna Yelwa ke nan. Zulaihat ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye katan ɗin a gabanta.

"Ina wuni, Inna. Ya mai jiki? Ga wanga, na san tana son shi."

Carbin ya tsaya.

Inna Yelwa ta dubi katan ɗin, ta dubi fuskar Zulaihat, ta daɗe tana dubawa.

"Ke ce. Ke ce yarinyar cikin waya."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani buhu, ta zazzage shi a tsakar ɗaki. Kwalaben roba ne, fanko, sun fi talatin, suka gangara ko'ina.

"Ga abin da na iske bayan akwatinta. Ɗiyata na kwance ƙodarta ta ƙi aiki, ciwon suga na cin ta, ke kuma kin biyo ta har gadon asibiti ki ƙarasa ta?"

"Inna, wallahi ban sani ba…"

"Ɗauki kayanki."

Gazali ya shigo da ledar magani a hannu, ya ga katan ɗin, ya ga kwalaben, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Zulaihat ta raɓa ta gefensa ta fita da gudu. Ba ta san inda ta yar da takalminta ɗaya ba.

Da yamma ya kira ta. Muryarsa a dashe take.

"Laifina ne, Zulai. Ni na ɓoye miki."

"Wata shida, Gazali! Wata shida ina yi maka gatse da sunanta kana kallona!"

Kuka ya hana ta ci gaba.

Washegari da azahar saƙo ya shigo daga wata lambar: "Anti Zulai, Inna ta tafi sallah. Ki zo yanzu don Allah. Ba faɗa."

Ta je. Mu'minatu ta yi mata murmushi da busassun leɓɓa, ta kama hannunta.

"Ashe a fili kin fi kyau."

"Ki yafe min, ƙanwata."

"Mi kinka yi min? Na san an hana ni. Yaya ya faɗa ya fi sau ɗari. Amma in na kunna waya na gan ki kina dariya da ita a hannu, sai in ga kamar lafiya ce ke cikin kwalbar. Sai maganar Yaya ta yi nisa." Ta numfasa. "Ƙawayena duka haka suke. Akwai masu irin ciwona da ba su ma sani ba."

Ta zaro katin asibitinta daga ƙarƙashin matashi. A bayansa ta zana baƙin tambarin nan da biro, ta cika shi da baƙi har takardar ta kusa hujewa, ta bar rubutun fari. A gefe ta yi wata 'yar fulawa mai ganye biyar.

"Ta Yaya a bango take, ba mai kallon bango. Ke ake kallo. Ki sa ta cikin bidiyonki, Anti. Ko mutum zai sha, ya sha yana sane."

"Zan sa. Wallahi zan sa. Ke dai ki warke ki gani."

"Kuma ki auri Yayana. Bai iya dariya ba sai yana karanta saƙonki."

A ranar Zulaihat ta aika wa Ɗangiwa: "Na bar talla. Kada a ƙara kawo min katan."

Bayan kwana huɗu likitoci suka ce a wuce da Mu'minatu Sakkwato. Ba su kai ba. Sun wuce Dogon Daji kaɗan ta cika, kanta a cinyar Inna, Gazali na riƙe da robar ruwan da ake ƙara mata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zulaihat ta so zuwa gaisuwa, Malam Maccido ya ce ta dakata zuciyar uwa ta ɗan lafa. Tana gida, ba ci ba sha, ba ta ko taɓa waya.

Ran sadakar uku, Ɗangiwa, wanda saƙonta ya ƙona wa rai, ya ɗauko wani tsohon bidiyonta na bara, ya sake shi a shafin shagonsa kamar sabo. Ga ta nan tana juyi, tana ƙyalƙyala dariya, kwalba a kumatu. Kafin azahar bidiyon ya isa Kebbe. A cikin gidan makoki, tsakanin mata masu gaisuwa, wata ta miƙa wa wata waya, har ta kai hannun Inna Yelwa.

Gazali ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta aika a kira mata "wancan".

"Ka gani? Ƙasar kabarin ba ta bushe ba. In ka kawo min wagga yarinya gidan nan, ba da yawuna ba."

Saƙonsa ya iso wa Zulaihat da la'asar.

"Ko kwana bakwai ba ki iya jira ba? Allah ya haɗa kowa da rabonshi."

Ta kira, a kashe. Ta rubuta cewa tsohon bidiyo ne, saƙon bai shiga ba. Ta zube a tsakar gida tana wani irin kuka da ya fito da mahaifinta daga zaure.

Malam Maccido ya saurare ta har ƙarshe, ya karɓi katin ya juya shi a hannunsa.

"Zulai, yaron nan ko ya dawo ko kada ya dawo, wannan na Allah ne. Amma marainiyar nan ta bar miki wasiyya. Kin cika?"

Ta girgiza kai.

"To tashi ki wanke fuska."

Bidiyon da ta ɗauka ranar babu kiɗa, babu kwalliya. Ta ajiye kofin gilashi a gabanta, ta dinga zuba sukari da cokali tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Har tara. Sannan ta ɗaga katin ta cika fuskar waya da shi.

"Shekara biyu ina ce muku ku sha. Ban taɓa faɗa muku abin da ke ciki ba, don ni ma ban tambaya ba. Wata ƙanwata ce ta zana wannan, kuma ba ta nan yanzu. Bidiyon da kuka gani yau na bara ne, amma ni ce a ciki, ba zan ce ba ni ba ce. Ban ce lemo kaɗai ke kawo ciwo ba. Na ce ku san abin da kuke sha. Mai jin yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ya je a gwada shi. Ba abin kunya ba ne."

Ta bi tsofaffin bidiyoyinta ɗaya bayan ɗaya ta goge. Waɗanda wasu suka riga suka kwafa, ta sake sakin su da baƙar alamar a kai, ta rufe rabin fuskarta.

Mabiya suka fara zubewa. Wasu suka ce ta haukace, wasu suka ce wani kamfanin ne ya saye ta. Ɗangiwa ya zo har ƙofar gida yana huci.

"Ni na fito da ke, Zulaihat! Wa ya san ki da?"

Malam Maccido ya leƙo daga zaure. "Ɗangiwa, ni na koya maka ƙirga a aji biyu. In ka manta, shigo in ba ka cokali mu sake."

Ɗangiwa ya ja motarsa ya tafi.

Kwana goma sha biyu Gazali bai kunna waya ba. Ranar da ya koma aiki, ya tarar da 'yan mata bakwai a kan benci suna jiran gwajin suga, abin da bai taɓa gani ba. Ya tambaye su wa ya turo su. Ɗaya ta nuna masa waya.

Bai ji abin da Zulaihat ke cewa ba. Idonsa na kan 'yar fulawar nan mai ganye biyar. Tun tana firamare Mu'minatu ba ta gama rubutu sai ta zana ta, a littafi, a bangon ɗaki, har a bayan hannunsa. Ya shiga ɗakin ajiyar magani ya rufe ƙofa, ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Sannan ya kunna wayarsa ya rubuta mata.

"Zulaina. Na zalunce ki. Ban san da wane baki zan ce ki yafe min ba."

"Na yafe tun kafin ka tambaya, Gargaɗina. Amma ba zan shiga gidanku Inna na kuka da ni ba. Ko da zan rasa ka."

Bayan sadakar arba'in Malam Maccido ya ɗauke ta suka tafi Kebbe. Shi ya tsaya a zaure wurin maza, ita ta shiga ciki. Wannan karon ba ta riƙo komai ba sai katin.

Inna Yelwa na zaune a gindin bishiyar darbejiya tana tsince wake, ta rame sosai. Ba ta amsa gaisuwar ba. Zulaihat ta durƙusa ta ajiye katin a gefen faifan.

"Ban zo neman komai ba, Inna. Nata ne. Na ga ke ya kamata ki riƙe shi."

Tsohuwar ta ɗauka. Ta shafa 'yar fulawar da babban yatsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Mi anka rubuta?"

"An ce sukari ya yi yawa."

Inna ta ƙura wa katin ido. Kaji na ta tsattsagar waken da ya zube, ba wanda ya kore su.

"Ni ma na saya mata," in ji Inna, muryarta can ƙasa. "Sau biyu. Da ta ƙi cin abinci. Na ga hoton lemu da mangwaro jikin kwalbar, na ce ai ruwan 'ya'yan itace ne, zai ƙara mata jini. Wancan yana faɗin a bar lemo, ni ina jin baƙin lemo yaka nufi. Ban faɗa ma kowa ba. Ran da kinka aje katan gabana, kaina na gani."

Hawaye suka gangaro mata.

"Ban yi boko ba, ɗiyata. Ƙananan rubutun nan ban san su ba. Amma baƙi na san shi. Da wanga abu na jikin kwalbar, wallahi da hannuna bai kai ba."

Zulaihat ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar. Suka yi kuka tare, kukan mutum biyu da suka so yarinya ɗaya, suka miƙa mata abu ɗaya. Can Inna ta ɗago ta, ta share mata fuska da bakin zanenta.

"Kin ci abinci? Dubi yadda kinka koma. Ke!" ta ƙwala wa wata maƙwabciya kira. "Ce ma wancan ya shigo ya ga baƙuwarshi."

An ɗaura aure bayan kaka, a ƙofar gidan Malam Maccido. Ba a sauke katan ko ɗaya ba. Goro da dabino aka raba, da fura da nono a manyan ƙore, wanda Inna Yelwa ta dama da hannunta. Wasu samari suka yi ta gunaguni wai biki ba lemo, amma ba su bar ko ɗigo ba.

Da aka kai amarya Kebbe, Inna ta riƙo hannunta ta shigar da ita ɗaki. A bango, sama da gado, an sa katin a cikin firam.

"Ga ta nan, ita ta haɗa ku," ta ce. Sannan ta ɗora hannu ɗaya a kan Zulaihat, ɗaya a kan ɗanta. "Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku masu jin ƙanku. In mace ta zo, kun san sunanta."

Bayan ta fita Gazali ya dubi matarsa, idanunsa jajir, yana ƙoƙarin murmushi.

"Zulaina."

"Na'am, Gargaɗina."

"Ta ce ban iya dariya ba?"

"Ta ce sai kana karanta saƙona."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. Ita ma haka.

Allah ya jiƙan Mu'minatu, ya haskaka makwancinta. Su kuma da ta bari, Allah ya sanya albarka a gidansu, ya raya musu abin da za su haifa cikin lafiya. Amin.